Arba'in da Biyu

Daren da shekara ta juya
na ciro kalandar masu maganin feshi daga ƙusa,
na kifa ta, na rubuta a bayanta da biro:
arba'in da biyu.
Hansatu ta leƙo ta kafaɗata.
"Shekarunka ne, ko bashin da ake bin ka?"
Na ce kilomita ne.
Ta yi shiru, ta rage fitila.

Ni ne Ɗanjuma na Garun Malam, mai gyaran injin ban-ruwa,
wanda rabonsa da gudu
tun ranar da sa ya tsinke igiya a kasuwa.
Malamar asibiti ce ta ɗaura mini roba a dantse,
ta hura, ta dubi allura, ta dube ni,
ta ce, "Jininka na ta gudu, kai kana zaune."
To, na ce bari in bi shi.

Takalman gwanjo ne, na hagu ya fi na dama sakewa.
Wani ya riga ya cinye dunduniyarsu a ƙasar da ban sani ba.
Su sun san aikin,
ni ne baƙo a ciki.

Tasi'u ya auna mini hanya da babur ɗinsa:
daga gadar kanal zuwa giginya biyu, uku;
zuwa kwalbatin da ya tsage, biyar da 'yan kai.
"Saura fa?" na ce.
Ya nuna gabas da haɓa. "Sai ka hango Kano."

Ranar farko, ana sallame asuba na fita.
Ruwa na tafiya a kanal ba haki, ba gumi,
alkama ta yi kore har ƙarshen gani.
Kafin giginya na dafa gwiwa,
ƙirjina na kuka kamar injin da ya zuƙi iska.
Baba Inuwa ya ɗago daga kwamin tumatir,
fartanya a hannu, ya dubi bayana:
"Lafiya? Me ya koro ka?"
Na ce babu.
Ya ce, "To wannan ya fi tsoro."

Yara uku da silifas suka wuce ni suna ƙirga mini,
ɗayan ma da tiren gyaɗa a ka.

Ga abin da na ɗaukar wa kaina:
goma kafin azumi,
cikin azumi sai bayan asham, a sannu, da tocila.
Shayin Mati, cokali ɗaya, ba huɗu ba.
In damina ta jiƙa gefen kanal, in koma kwalta.
Ashirin kafin a yanke shinkafa.
Sauran, Allah ya san ƙafata.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
ni kuwa gorata shekara arba'in da ɗaya ke nan a rataye.

Mako na uku gwiwa ta kumbura.
Kwana tara ban fita ba.
Na ce sanyi ne, na ce aiki ne, injin Alhaji Sabo ya ƙi tashi.
Na daina kallon bango.
Ran na goma ina neman sifana
sai na ga kalandar:
duk ranar da na gudu, an ɗiga mata gawayi,
kwanakin nan tara kuma an bar su fari fat.
Ba ni na yi ba.

A wandon guduna an ɗinka ƙaramin aljihu,
dabino uku a ciki.

Yau na wuce kwalbatin da ya tsage,
na wuce inda Tasi'u ya juya babur.
Balbelu suka tashi daga alkama gaba ɗaya,
na ji ƙafata da numfashina sun daina musu.
Goma sha ɗaya.
Baba Inuwa bai ko ɗago ba,
hannu kawai ya ɗaga, ya ci gaba da datse ruwa.

Saura talatin da ɗaya.
Na shigo gida, Hansatu na hura wuta.
Ba ta tambaye ni ba.
Ta zaro gawayi guda daga gefen murhu,
ta ajiye shi ya huce.